Ga masu son ƙara nisan gudu

'Yan uwa, abin da ya fi kayar da sabon mai gudu shi ne gaggawa. Yawancin gudunka ka yi shi a hankali, yadda za ka iya hira ba tare da haki ba. Numfashi ya hana ka magana? Ka rage.

Nisa kuma a ƙara shi kaɗan-kaɗan, kamar kashi 10 cikin 100 a mako. Zuciya da huhu kan saba da wuri, amma jijiyoyi da ƙashi sai sun ɗauki lokaci, nan ne ciwon gwiwa da ƙwauri ke samun ƙofa. Ni da na yi garaje, wata guda na yi ina ɗingishi.

Kafin mafarkin kilomita 42, fara cin kilomita 5 ba tsayawa. Duk mako na huɗu kuma ka sassauta, jiki ya huta.