Kafin ka sayi takin kamfa da yuriya, damƙi ƙasar gidanka tukuna

Shekarar da na fara lambu a bayan gida a Tumfure da ke Gombe, tumatir ɗina ko gwiwa bai kai ba ya tsaya cak, ganye duk ya yi ɗorawa, kullum ina ban ruwa safe da yamma amma kafin azahar ya yi yaushi kamar wanda bai taɓa ganin ruwa ba. Ni kam mai iri na ɗora wa laifi, na ce jabu ya sayar min. Sai wani dattijo maƙwabcinmu da ya daɗe yana noman rani a Dadin Kowa ya leƙo, ko kallon shukar bai yi ba, ya durƙusa ya damƙi ƙasar ya buɗe hannu ta wargaje, ya ce, "Yaro, ai a kan yashin gini ka yi shuka." Na ce "Baba haka ne fa", don ragowar yashin da magina suka bari ne na baje na yi kunyar shuka a kai.

To abin da ya yi ɗin nan shi ne gwajin farko, kuma ko sisi ba a biya. Ka tona kamar taƙi ɗaya ka ɗebo ƙasa, ka cire tsakuwa, ka ɗan jiƙa ta ka dunƙule. In ta ƙi haɗuwa kana jin ƙaras-ƙaras a yatsa, jigawa ce. In ta dunƙule har kana iya murza ta ta yi tsawo kamar taliya tana manne maka a hannu, laka ce. In kuwa ta dunƙule amma da ka ɗan danna ta da yatsa ta farfashe, ka gode wa Allah, ita ake nema.

Mai son ya gani da ido ya samu gorar ruwa ta roba, ya zuba ƙasa zuwa kashi ɗaya cikin uku, ya cika da ruwa ya jijjiga sosai ya ajiye. Cikin minti 2 yashi zai kwanta, mai laushin ta biyo baya cikin 'yan awanni, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu kafin ya sauka. Hawa-hawa za ka gan su, wanda ya fi kauri shi ke mulkin lambunka. Sai gwajin rami: zurfin santimita 30, ka cika da ruwa ya tsotse, ka sake cikawa. In na biyun ya ɓace cikin 'yan mintuna ƙasar ba ta riƙo, in kuma ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance to saiwa za ta ruɓe a wurin, don saiwa ma numfashi take yi, da yawa ba su san haka ba.

A Gombe jigawa da laka duka muna da su. Cikin gari galibi rairayi ne, shi ya sa zaizaya ke cin unguwanni duk damina, amma ka gangara wajen Balanga ko Cham ka ga baƙar lakar nan ta auduga, wadda da rani take tsagewa har ka zura hannu, da damina kuma ta ƙwace maka takalmi. Wanda ya ɗauko shawarar manomin laka ya kawo jigawa zai sha mamaki.

Jigawa kamar rariya take, ruwa ya wuce ya tafi da taki. Don haka ban ruwa kaɗan-kaɗan akai-akai, takin zamani ma kar ka juye shi lokaci guda, raba shi biyu ko uku. Amma ainihin maganinta takin gargajiya ne da ya ruɓe, kashin shanu ko na awaki ko tsohuwar ƙasar juji wadda aka tsince leda da batir da kwalba, ka cakuɗa da ƙasar sama kafin shuka, sannan ka rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa saboda rana ta daina shanye danshin. Gara za ta zo wa ciyawar, eh, ni dai ban damu ba tunda ramukanta suna buɗe ƙasa, kawai ina janye ciyawar kaɗan daga jikin karan. Karas, dankali, gyaɗa da kankana duk suna jin daɗin jigawa. Abu ɗaya da za ka lura, in tumatir ko kuɓewa suna yaushi alhali akwai danshi, tuge ɗaya ka duba saiwa, in ka ga ƙulu-ƙulu kamar carbi to tsutsar ƙasa ce da ido ba ya gani, kar ka maimaita su a wurin baɗi, sa masara ko albasa.

Laka kuma abinci gare ta, matsalarta iska. Kar ka shige ta da fartanya tana jiƙe sharkaf, in ta bushe sai ta koma kamar bulo. Ka ɗaga kunya sama, ka zuba takin gargajiya da buntun shinkafa. Wasu na cewa a zuba yashi, ni ban yarda ba, buhu biyu na yashi a kan laka ƙara tauri kawai yake yi. Kabeji da alayyafo suna yi a laka, zogale kam ba ya shiri da kwanciyar ruwa ko kaɗan.

Ganye ma yana magana in ka iya saurare. Tsofaffin ganyen ƙasa su fara ɗorawa, sinadarin naitirojin ne babu, nan yuriya ke aiki don kashi 46 cikin ɗari na cikinta shi ne, ka binne ta nesa da kara kamar tsawon yatsa ka rufe ka ba da ruwa, in ka watsa a fili a zafin Gombe iska ce za ta sha kuɗinka. Ganye ya koma shuni-shuni, fosfaras ne babu, sa takin sufa ko kamfa 15-15-15 tun wajen shuka. Gefen ganye ya ƙone, fotash ne babu, kuma tokar murhu tana da shi. Amma in sababbin ganyen sama ne suka yi fari-fari jijiyarsu na kore, kar ka ƙara toka, ƙasar ta riga ta yi kanwa-kanwa, yawancin kayan lambu sun fi son awon pH, wato ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, tsakanin 6 da 7. Haka ruwan wanki mai omo, in ka ga farin ɓawo a saman ƙasa yana iya zama shi ne sanadi, daina juye shi a lambu.

Kashin kaji ɗanye kuwa wallahi wuta ne, ya taɓa ƙone min rainon tattasai cikin kwana 3. Yanzu tara shi nake a inuwa da ganye da ciyawa, in yayyafa ruwa, in juya duk bayan sati biyu, bayan wata uku in ya daina zafi da wari ya koma baƙi sai in kai kunya. Kunyar da na fara gyarawa haka, bana da na tona zan dasa attaruhu, tsutsar tana har huɗu na gani a shebur ɗaya, na mayar da su na rufe.