Masu NAS a gida, ga yadda za ku rage cin kuran

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu ajiye NAS (akwatin dis da ake haɗawa da rezo don ajiyar faya-fayai) a gida don hotuna da bidiyo, ku sani wat 10 in ya kwana ya wuni yana aiki, kilowat awa 87 ne da 'yan kai a shekara, kontar kuwa ba ta yafiya.

Ku fara da dis ɗin, babban dis mai juyawa yana jan wat 5 zuwa 8, in ya yi barci bai kai 1 ba. Ku shiga saiti ku kunna barcin dis, a NAS ɗin kamfanin Synology sunansa HDD Hibernation, amma kar ku sa minti 5, yawan tashi da kwanciya yana gajiyar da shi, minti 20 ko 30 ya isa. In ya ƙi barci to wani aplikasiyo ne ke tada shi, kamara ko mai sauke faya-fayai, ku ɗauke su zuwa SSD, wato dis marar juyawa.

Sannan ku sa wa NAS ɗin lokaci ya mutu sha biyun dare ya tashi bayan asuba, musamman masu panno da batir.

Fanka kam don Allah kar a rage mata gudu, zafin Maraɗi a watan Afrilu ya wuce 40. Ku dai riƙa hure ƙura, ku ajiye shi inda iska ke ratsawa.