Yadda za ki tono tarihin hostal ɗinki: abin da na koya a Ribadu

Shekara biyu na kwana a hostal ɗin Ribadu, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kafin na tambayi kaina wane ne mai sunan. Wata ƴar ɗakinmu ce ta ja, ranar da muke layin ruwa ta rantse cewa Nuhu Ribadu ake nufi, tunda a nan ya yi karatun lauya. Muka yi ta musu har bokitina ya cika ya zube. Washegari na shiga bincike, kuma ga hanyar da zan ba duk wadda ke son yin irinsa.

Kada ki fara da waya. Ki fara da bakin ƙofa. Dattawan da ke gadi da matan da ke shara sun ga ɗalibai sun zo sun wuce kamar kasuwa. Ki je bayan la'asar, lokacin da hayaniya ta lafa, ki durƙusa ki gaida baba, ki ajiye goron ɗari biyu, sannan ki nemi izini kafin ki kunna rikoda. Ni na yi wauta: na zauna daf da injin janareto, na dawo da minti arba'in na ruri. Ki riƙe biro da littafi ko da wayarki na aiki. Kuma kada ki tambaye su shekara, ba haka suke riƙe lokaci ba. Ki ce, "Baba, zamanin wane shugaban jami'a ne?" Sai ki ji an ce lokacin Ishaya Audu, ke kuma kin san tsakanin 1966 da 1975 ke nan.

Daga nan sai laburaren Kashim Ibrahim. Ki nemi tsofaffin kundayen jami'a da jaridu. Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce bin ranar rasuwa, domin a makon ne jaridu ke zayyano rayuwar mutum. Alhaji Muhammadu Ribadu ya rasu ranar 1 ga Mayu, 1965, yana ministan tsaro, don haka Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen na wannan watan za ki buɗa. Kada ki wahalar da kanki neman New Nigerian, sai Janairun 1966 ta fara fitowa. Takardun sun tsufa, gefensu na marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, ki juya su da hannu biyu.

Abin da na samu ya kashe musun. Mai sunan shi ne Muhammadu Ribadu, mutumin Adamawa ne, ya yi hakimcin Balala, ya zama jigo a jam'iyyar NPC tare da Sardauna da Tafawa Ɓalewa. A zamanin ministancinsa aka buɗe makarantar horon hafsoshi ta NDA a Kaduna, aka kuma kafa rundunar sojan sama, duka a 1964. Lokacin da ya rasu, Nuhu yaro ne ɗan shekara huɗu.

Sai dai ki raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa: tarihin mutum daban, tarihin gini daban. An buɗe jami'ar ranar 4 ga Oktoba, 1962, amma kafin nan akwai kwalejin fasaha da kimiyya a wannan fili, don haka gini na iya girmar sunan da ke jikinsa. Ki zagaya ki duba ko akwai allon buɗewa a bango. Idan bakin dattijo ya saɓa da takarda, ki rubuta duka biyun, ki faɗi inda kika samo kowanne.

In kina da kuɗin mota, ki leƙa Gidan Arewa, cibiyar adana takardun tarihi da ke Kaduna, ki tafi da katin ɗaliba. Ƙawata da ke binciken mai sunan hostal ɗin Akenzua ta bi ni, sai a hanya ta ji cewa Sarkin Benin ne, wanda ya taɓa zama uban jami'armu. Har muka kai Kawo tana cewa ita fa ta ɗauka Bajafane ne.