Yadda mai kaɗa jita zai tsallaka daga jazz zuwa R&B

George Benson, haifaffen Pittsburgh a Amurka a 1943, ya goge a jazz tare da Jack McDuff, mai kaɗa ogan (kayan kiɗa mai kama da piyano), har ya yi kiɗa a faifan shahararren mai busa ƙahon jazz Miles Davis a 1968. A 1976 ya fitar da faifan Breezin' da furodusa Tommy LiPuma. Waƙa ɗaya tak ya rera da baki a faifan, ita ce kuma ta ci masa lambar yabo ta Grammy. A 1980 yana aiki da furodusa Quincy Jones a tsakiyar R&B. Hannun nan ne dai bai canza ba, lissafin bugu ne ya canza, kuma daga nan za ka fara.

A jazz, lokaci yana kan faifan tagullar mai ganga da bas (babbar jita mai kaurin sauti) mai takawa bugu-bugu, sautuka kuma suna ɗingishi, dogo sannan gajere. R&B na shekarun 1970 ba ya son ɗingishin nan. Gaɓa tana da bugu huɗu, ƙaramar ganga tana faɗuwa a kan na 2 da na 4, kowane bugu kuma a raba shi huɗu daidai wa daida, 16 ke nan a gaɓa. Saita metronom, na'urar ƙirga bugu, a bugu 90 a minti. Ɗora yatsun hagu kan tsirkiya ba tare da ka danna ba, hannun dama ya riƙa sauka da hawa ba tsayawa, sai "cak-cak" kawai kake ji. Minti goma kullum, mako biyu. Bayan nan ka fara danna kod (sautuka da yawa da ake kaɗawa tare) sau biyu ko uku a gaɓa, saura duk a toshe. Ka naɗi kanka a waya ka saurara: yawancin 'yan jazz gaba suke yi wa ganga, musamman in sun zo ƙarshen gaɓa ta huɗu. In ka ji haka, sauko da metronom zuwa 75.

Sai kod. Ka saba da guda biyu a kowace gaɓa. A nan Am9 da D9 kaɗai za su iya ɗaukar waƙa minti huɗu. Kama sauti uku ko huɗu a siraran tsirkiyoyi, ka bar wa mai bas tushen kod ɗin. In ka taɓa tsirkiyoyi biyu masu kauri, kai da shi za ku cakuɗe, sauti ya yi laka. Kod masu yaji irin su b9 da #5 a ajiye su sai wurin juyawa, domin suna karo da muryar mawaƙi. In mai piyano yana riƙe dogon sauti, kai ka sara gajere.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne lokacin da aka ba ka fili ka kaɗa kai kaɗai. Gaɓa 8 ce, in an yi maka karamci 16. Fara da karin amshin waƙar, ka zauna cikin sautuka biyar na fentatonik, ka saka gudu irin na jazz sau ɗaya, kusa da ƙarshe. Dabarar Benson tana da amfani ƙwarai: yana rera abin da yatsunsa ke kaɗawa a lokaci guda. Gwada ta. Duk layin da numfashinka bai kai ƙarshensa ba, ya yi tsawo. Idan mawaƙi yana rerawa kuwa, kada ka shiga bakinsa; jira inda ya ja numfashi ka amsa masa da sauti uku ko huɗu.

Kayan aiki ba su da wuya. Tsirkiya mai santsi, mai kaurin lamba 12 ko 13, tana ba da sauti mai duhu wanda ganga ke haɗiyewa. Koma mai kaushi, 10 ko 11. Jita mai rami a ciki tana kuka in an ƙure lasifika, don haka ka matsa daga gaban lasifikar, ka rage ƙarar sauti mai kauri, ko ka cusa soso a ramukan jitar kafin a hau dandamali.