Yadda za ka ɗura tawada a tsohuwar firinta, ka kuma buga hoto a kan faifai

Masu shagon buga takardu a Samaru, Zariya, sun san lokacin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ke kawo furojet, tawada ba ta daɗewa. In Canon iP4200 gare ka, ga yadda nake yi.

Da farko ka tanadi sirinji, safar hannu da tsohuwar jarida. Tawadar babban kwanson baƙi, PGI-5, daban take da ta ƙananan CLI-8, kada ka haɗa su.

Cire kwanso ɗaya kawai. Toshe bakin da tawada ke fita ta ƙasa da salatif, sannan ka huda ƙaramin rami a saman ɓangaren da babu soso. Ɗura a hankali, ka dakata soson ya sha, ka ƙara, amma ka bar ɗan sarari a sama. Nan ne mutane ke kuskure: in ramin bai toshu sosai ba, iska za ta shiga, tawada ta yi ta ɗiga cikin firinta. Ni da gam mai zafi nake rufewa. Kada ka daɗe ba ka mayar da kwanson ba, musamman da hunturu, domin kan firintar, wato abin da ke fesa tawada, saurin bushewa yake.

In ta ce tawada ta ƙare, danne maɓallin Resume na daƙiƙa 5. Daga nan ba za ta ƙara yi maka gargaɗi ba, sai ka riƙa duba kwanson da idonka.

Batun buga hoto a kan faifan CD kuwa, firintar da aka sayar a Amurka tana zuwa da wannan aikin a rufe. Kai wa mai gyara a Sabon Gari ya sauya mata yanki zuwa Turai, ka samo tirenta na ɗora faifai, ka sa manhajar CD-LabelPrint. Faifai mai farin baya za ka saya, ka bari ya bushe kafin ka taɓa.