Yadda za ki kare ɗanki daga tamowa tun kafin ta bayyana

Aikina awon yara ne, kuma maganar da na fi ji daga bakin iyaye mata ita ce, "Ai yana ci." Gaskiya suke faɗa, yana ci. Amma wata ya bi wata, a ɗora shi a kan sikeli, nauyi yana nan inda aka bar shi. Uwa ba ta yi sakaci ba. Abin da ba a gaya mata ba shi ne cikin yaro ƙarami ne ƙwarai. Ɗan wata takwas bai fi ya ɗauki kofi guda a zama ɗaya ba, kimanin mililita 200 zuwa 250. In abin da aka dama masa ruwa ne tsululu, zai sha ya ƙoshi ya yi barci, alhali jikinsa bai samu abin da zai gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa ba. Saboda haka duk abin da zan faɗa miki a nan yana komawa ne ga tambaya ɗaya: me ke cikin cokalin da kike kai wa bakinsa?

Daga haihuwa zuwa wata shida ba ki da aikin cokali. Ki sa shi a nono cikin sa'ar farko, kada ki zubar da dakashi, domin shi ne kariyarsa ta farko daga cuta. Daga nan nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata, tunda fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon ruwa ne. Wannan ita ce shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye.

Da ya cika wata shida lissafi ya canza. Sinadarin ƙarfe da aka haife shi da shi ya kusa ƙarewa, nono kuma ba ya iya cike gurbin shi kaɗai. Ki fara da cokali biyu zuwa uku na abinci mai laushi, sau biyu ko uku a rana, kina ƙarawa a hankali har ya kai rabin kofi. Daga wata tara ki mayar da shi sau uku zuwa huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Bayan shekara ɗaya yana iya cin abin da gida ke ci, a farfasa masa, kusan kofi cike. Ki zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, in ba haka ba ba za ki taɓa sanin nawa ya ci ba. Zuma kuwa a dakata da ita sai ya shekara.

Ga gwajin da nake nuna wa kowace uwa. Ki ɗebo abincin a cokali, ki karkata shi. In ya kwarara nan take, ruwa ya yi yawa. Wanda ake so shi ne mai kaurin da zai tsaya a cokalin, ya sauka a hankali. Sannan ki ƙara ƙaramin cokali ɗaya na mai, ko niƙaƙƙiyar gyaɗa. Dalili kuwa, giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na hatsi ko na furotin yana ba da 4. Ga ciki ƙarami, wannan bambancin ba wasa ba ne. Man kuma shi ke taimaka wa jiki ya tsotsi bitamin A, D, E da K.

Hatsi da doya da dankali ƙarfi suke bayarwa, kuma ana buƙatarsu, sai dai ba su isa su kaɗai ba. Masana sun kasa abincin yaro gida takwas: nonon uwa, hatsi da saiwoyi, wake da gyaɗa da danginsu, madara da abin da ake yi da ita, nama da kifi da hanta, ƙwai, 'ya'yan itace da ganyaye masu bitamin A, sai sauran kayan lambu da marmari. Abin da ake nema shi ne yaro ya samu biyar daga cikin takwas ɗin a kowace rana. Idan yana shan nono yana cin hatsi, biyu sun samu. Ki haɗa da wake, ki murƙushe dafaffen ƙwai a ciki, ki ba shi gwanda ko kabewa, kin cika biyar. A ganina babu abin da ya kai ƙwai sauƙi da amfani a wannan shekarun, kuma ina jin takaici duk lokacin da na ga ana hana yaro shi ba tare da wani dalili na lafiya ba.

Akwai yunwar da ba a gani da ido, ta ƙananan sinadarai. Rashin sinadarin ƙarfe shi ke kawo ƙarancin jini: yaro ya yi laushi, tafin hannunsa da cikin fatar idonsa su yi fari. Hanta da nama da kifi su ne kan gaba wajen maganinsa. Wake da koren ganye ma suna da shi, amma jiki ya fi tsotsarsa in an haɗa da mai bitamin C kamar lemu ko tumatir ko gwaiba. Shayi kuwa hana tsotsarsa yake yi, don haka kada ki ba ƙaramin yaro. Rashin bitamin A yana fara nuna kansa da dundumi, yana kuma raunana garkuwar jiki har ƙyanda ko gudawa su yi wa yaro mummunan kamu. Karas, mangwaro, kabewa, gwaiduwar ƙwai da hanta suna ɗauke da shi. Inda ake raba ƙwayar bitamin A, ana ɗiga wa yara ita duk wata shida, shuɗiya ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja ga 'yan shekara ɗaya zuwa biyar. Aidin kuma, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo da dakushewar ƙwaƙwalwa, gishirin da aka sa wa aidin ya wadatar. Ki riƙa rufe shi, kada danshi ya taɓa shi.

Yawancin yaran da na ga sun faɗa tamowa, ciwo ne ya tura su. Gudawa ta zo, yaro ya ƙi abinci, a ce a bar cikin ya huta. Kada ki yarda da wannan. Ki ci gaba da ba shi nono, ki ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka in bai kai wata shida ba. Ki lallaɓa shi ya ci kaɗan-kaɗan. Bayan ya warke ki ƙara masa ci ɗaya a rana har mako biyu, don ya mayar da abin da ya zube.

Yanzu awo, wanda ke da kanki za ki iya yi. Ki nemi tef ɗin awon damtse wurin ma'aikatan lafiya, na yara ne daga wata shida zuwa shekara biyar. Ki tanƙwara hannunsa na hagu, ki laluba ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, ki sa alama a tsakiyarsu. Sai ki saki hannun ya sauka a sake, ki zagaya tef ɗin a kan alamar, kada ki matse har fata ta tattare, kada kuma ki bar sarari. Ki duba launin da ya fito a 'yar tagar. Kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, tsakanin 11.5 da 12.5, tamowa ta fara, a je a ga ma'aikacin lafiya cikin makon nan. Ja, ƙasa da 11.5, asibiti yau.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci a wurina, domin a nan ido ke yaudarar mutane. Wani yaron ramewa yake yi har haƙarƙari ya fito, kowa ya gane. Wani kuwa kumbura yake yi, kumatu su cika, a ɗauka ƙiba ce. Wannan nau'in ne likita Cicely Williams ta bayyana a shekarun 1930 lokacin da take aiki a ƙasar da yanzu ake kira Ghana, aka san shi da kwashiyoko. Ki ɗora manyan yatsunki a bayan ƙafafunsa biyu, ki danna a hankali na daƙiƙa uku, ki ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a duka ƙafafun, ruwa ne ya taru, kuma tamowa ce mai tsanani ko da tef ya nuna kore. Sau da yawa za ki ga gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, yaro ba ya son wasa.

Akwai kuma tsumburewa, wadda tef ba ya kamawa, sai awon tsawo. A ƙiyasin 2022, yara 'yan ƙasa da shekara biyar miliyan 148 ne suka tsumbure a duniya, miliyan 45 kuma suka rame. Tsawon da yaro ya rasa daga ɗaukar ciki zuwa cikarsa shekara biyu, kwanaki dubun farko ke nan, da wuya ya dawo. Don haka ki riƙe katin awonsa, ki tambaya a nuna miki ko layin yana hawa.

In an tabbatar tamowar mai tsanani ce, kada ki ce za ki ɗura masa nama da madara a gida ya farfaɗo. Jikin da ya jima cikin yunwa ba ya jure abinci mai nauyi farat ɗaya, zuciya na iya gazawa. Wanda ya ƙi ci, ko yake amai, ko numfashinsa ke sauri, ko kumburin ya kai fuska, kwantar da shi ake yi a fara da madara ta musamman mai suna F-75. Wanda ke iya ci ana ba shi abincin magani na leda, haɗin gyaɗa da garin madara da mai da sukari da sinadarai, kowace leda kalori 500. Magani ne, an lissafa shi da nauyin yaron, don Allah kada a raba wa yayyensa ko da sun yi kuka. Ki wanke hannunsa da naki, ki fara ba shi nono, sannan ledar, da ruwa mai tsabta a kusa domin tana sa ƙishi. Ki riƙa komawa awo a ranar da aka sa miki ko da kin ga ya murmure, domin ba a sallamar yaro sai damtsensa ya kai 12.5 kuma ya yi aƙalla mako biyu babu kumburi.