Za ka kai yara Disney ko Yas Island? Ga yadda za ka yi da VPN ɗinka kafin ya kunyata ka a bakin ƙofa

Ban manta ranar da na tsaya a bakin ƙofar wani katafaren wurin wasanni a ƙasar waje ba, rana ta take, yara uku sai jan rigata suke, maman su ta riƙe ƙugu tana kallona, ni kuma ina ta danna waya, manhajar wurin sai juyi take kamar fanka ta ƙi buɗe tikitin da na riga na biya kuɗinsa tun a gida. Na kashe waya na kunna, na zagi netwok, na zagi bankina a zuci, kusan minti ashirin. Ashe wani ɗan ƙaramin makulli ne a saman sikirin ɗina, VPN ɗin da na kunna tun a otal na manta da shi. Ina kashe shi, wallahi ko daƙiƙa biyar ba a yi ba tikiti ya fito.

To tunda yawancinmu mun saba da VPN tun lokacin da aka rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu ma tun sannan ba su goge shi daga waya ba, bari in yi bayanin yadda ake zama lafiya da shi a irin waɗannan wurare, da kuma abin da yake tsare maka kuɗinka da gaske. Don mutane da yawa suna ɗauka VPN ne mai gadin asusun banki, alhali ba shi ba ne.

Da farko ka sani wuraren nan yanzu komai ya koma cikin waya. A Disney World da ke Orlando ta jihar Florida a Amurka, manhajar My Disney Experience ita ce tikitinka, ita ce taswira, da ita za ka yi odar abinci, da ita za ka sayi Lightning Lane wato damar tsallake dogon layi, wanda nau'insa na Multi Pass ya maye gurbin tsohon tsarin Genie+ a watan Yulin 2024. Wuraren wasannin Universal ma da tasu manhajar, Disneyland ta Faransa da tata, haka Ferrari World da Warner Bros. World da SeaWorld da ke tsibirin Yas a Abu Dhabi. In manhaja ta tsaya, kai ma ka tsaya kenan.

Me ya sa VPN ke rikita su? Aikin VPN shi ne ya ɗauki duk abin da wayarka ke aikawa ya bi da shi ta wata kwamfuta a wata ƙasa, sai duniya ta ga adireshin IP na can maimakon naka. Yanzu ka duba abin da manhajar wurin wasan take gani: GPS ɗin wayarka ya ce kana Abu Dhabi, adireshin IP ya ce kana Amsadam, katin da ka saka kuma na wani banki ne a Kano. Ko kai ne mai gadi ai sai ka tsare mutumin nan ka yi masa tambayoyi. Ƙari a kan haka adireshin da VPN ke ba ka ba naka kaɗai ba ne, dubban mutane ne a kansa lokaci ɗaya, cikinsu har da masu amfani da na'ura suna wawure tikiti su sayar da tsada, da masu gwada katunan sata, shi ya sa kamfanoni da yawa suka sa irin waɗannan adireshi a jerin waɗanda ba a yarda da su ba. Abin haushin ba za su fito su ce maka VPN ne matsalar ba, sai dai ka ga shafi fari fat, ko a ce kalmar sirrinka ba daidai ba ce alhali daidai take, ko a yi ta sa ka zaɓi hoton mota da na gada har ka gaji.

Sai maganar jinkiri. Disney suna da wani tsarin layi na cikin waya da suke amfani da shi idan sabon lilo ya yi farin jini, ana buɗe shi ƙarfe 7 na safe da kuma 1 na rana, kuma na safen cikin 'yan daƙiƙoƙi yake cika. Kai kuma saƙonka sai ya je Turai ya dawo kafin ya isa, ai kafin ya iso an gama rabo.

Abin yi tun kana gida: sauke manhajar daga Play Store ko App Store kaɗai, ka buɗe akawun ba tare da VPN ba, ka haɗa tikitocin kowa da kowa a ciki, ka tabbata ka ga sunan kowane yaro. In ka nema ba ka ganta a shagon ƙasarka ba, kar ka je wani shafi ka sauke APK wato fayil ɗin manhajar don Allah, manhajar da za ka zuba wa lambar kati ba a tsintar ta a bola, gara ka yi amfani da shafin intanet na wurin kai tsaye. Ka ɗauki sikirinshot na tikiti da lambar oda, ka tura wa wayar madam ma, in da hali ka buga a takarda ka sa a jaka. Wasu lambobin suna sauyawa da kansu don haka hoton ba lallai ya shigar da kai ba, amma lambar oda za ta taimaka maka a teburin masu kula da baƙi.

Ranar shiga kuma, kashe VPN ɗin tun kafin ka bar otal, kuma kashewa ta gaske. A nan ne mutane ke faɗuwa, za ka danna kashewa a cikin manhajar VPN amma wayar ta sake kunna shi da kanta. A Android ka shiga saitin, wajen netwok da intanet, ka nemo VPN, ka danna alamar da ke gefen sunansa, akwai maɓallin Always-on VPN da kuma Block connections without VPN, duka biyun ka kashe. Na biyun nan shi ne mugun, in yana kunne ka kashe VPN to intanet ɗinka gaba ɗaya ya mutu, sai ka yi ta zargin sim. A iPhone ka shiga General, ka gangara wajen VPN & Device Management, in ka ga Connect On Demand a kunne ka kashe. Masu biyan iCloud+ kuma akwai Private Relay da ke ɓoye adireshi a Safari, shi ma yakan kawo cikas in ta burauza kake saye. Kar ka manta da manhajojin toshe talla, wasunsu a matsayin VPN suke aiki ba ka sani ba. Alamar ita ce makullin nan ko rubutun VPN a saman sikirin, in yana nan to ba ka kashe ba. Bayan ka kashe ka rufe manhajar wurin wasan gaba ɗaya ka sake buɗewa, in ta ƙi ka fita daga akawun ka sake shiga.

In kai mai Android ne akwai hanya mai sauƙi, VPN da yawa suna da abin da suke kira split tunneling, ma'ana ka zaɓi manhajojin da ba za su bi ta VPN ba. Saka manhajar wurin wasan da ta bankinka da Google Wallet a wannan jerin, shikenan ka huta. Masu iPhone yawanci ba su da wannan gatan, sai dai kunnawa da kashewa da hannu.

WiFi na kyauta da ke wurin shi ma ba ya shiri da VPN a farkon haɗuwa, saboda sai wani shafi ya buɗo ka amince da sharuɗɗa kafin a sake maka intanet, VPN kuma yana tare shafin. Sai ka kashe, ka shiga, sannan in kana so ka kunna. Amma ni a ra'ayina in dai kuɗi zan biya ba na ma hawa WiFi ɗin, data nake kunnawa. Sayi sim na ƙasar a filin jirgi ko eSIM, wato sim ɗin da ake saukewa a cikin waya, tun kafin ka tashi. Haɗarin WiFi na jama'a shi ne ɗan damfara na iya buɗe nasa ya sa masa suna mai kama da na wurin, ka hau, ya buɗo maka shafin bogi ya ce saka lambar kati. WiFi na kyauta ba ya tambayar lambar kati, duk wanda ya tambaya ka gudu.

Wani zai ce to in na kashe VPN ai kuɗina sun zama a fili. A'a. Manhajar banki da ta manyan wuraren nan tuni suna kulle bayanan da suke aikawa tsakaninsu da kwamfutocinsu, mai zaune kusa da kai a WiFi ba ya iya karantawa. Shi kuwa biyan kuɗi ta taɓa waya a jikin na'ura, irin Apple Pay da Google Wallet, bai ma shafi VPN ba, ta NFC yake tafiya wato sadarwar kusa da kusa tsakanin wayar da na'urar, kuma ba lambar katinka ta gaskiya ake ba mai shago ba, wata lamba ce ta madadi da aka ɗaure da wayarka tare da wata shaida da ake amfani da ita sau ɗaya tak. Ko an sace bayanan shagon ba a samu katinka ba. Wannan ya fi miƙa wa mutum kati ya tafi da shi bayan kanta nesa ba kusa ba. Matsalarmu dai ita ce katunan bankunan gida ba sa shiga Apple Pay, sai masu asusu a waje ke morewa, sauranmu sai mu taɓa katin da kansa, shi ma ba laifi.

VPN na kyauta ma ni shi na fi tsoro a kan WiFi ɗin. Wanda ba ka san shi ba, ba ka biya shi ko sisi ba, ka miƙa masa duk zirga-zirgar wayarka, da me kake zaton yake biyan kuɗin kwamfutocinsa? In kuwa ya ce ka saka wani satifiket ko furofayil a wayarka da ba ka gane ba, goge shi kawai.

Yanzu maganar OTP, wanda shi ne ya fi kayar da 'yan gida. Za ka sayi tikiti ko Lightning Lane, banki ya tura lambar tabbatarwa zuwa layinka na Najeriya, layin kuma yana cikin jaka a otal ko ba a buɗe masa romin ba. Kafin ka tashi ka tabbata layin zai karɓi saƙo a waje, ka bar shi a cikin wayar a matsayin sim na biyu amma ka kashe masa data don kar ya cinye maka kuɗin kiran da ke kai, ko ka koma karɓar lambar ta imel ko tokin. Ka kuma tambayi bankinka iyakar abin da katin zai iya kashewa a waje, don bankuna da yawa sun dakatar da amfani da katin naira a ƙetare a 2022, wasu sun dawo da shi a 2025 amma da iyaka, tikitin iyali guda na iya haura ta. Katin asusun dala ya fi kwanciyar hankali. Ka riƙe kati biyu na bankuna daban, da ɗan tsabar kuɗi.

In ka biya, alat ya shigo an cire kuɗi amma tikiti bai fito ba, kar ka sake dannawa, na san hannu na ƙaiƙayi. Sau da yawa riƙe kuɗin aka yi ba a karɓa ba, za su dawo bayan kwanaki, amma in ka danna sau huɗu an riƙe maka sau huɗu kana ƙasar mutane. Duba imel tukuna, duba cikin akawun, in babu ka je wajen masu kula da baƙi da alat ɗin a hannu. Haka in na'urar biya ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, zaɓi kuɗin ƙasar da kake, dirhami ko yuro ko ma mene ne, canjin da na'urar ke yi maka da kanta ya fi tsada.

Lambar QR da ka gani an manna a jikin tebur ko wajen ajiye mota, shafa ta da yatsa, in sitika ce aka ɗora a kan wata ka bar ta, ka yi oda ta cikin manhajar. Kuma kar ka miƙa wa yaro waya a buɗe da kati a ciki kana layi, sa ta nemi yatsa ko fuska kafin kowane biya. Kunna Find My mai gano inda iPhone take ko takwaransa na Google tun a gida, waya na faɗuwa daga aljihu a kan lilo mai juyi fiye da yadda kake zato, in ta ɓata za ka iya kulle ta daga wayar madam.

Masu zuwa Dubai da Abu Dhabi, na san dalilin kunna VPN ɗinku, kiran WhatsApp ba ya tafiya a can. Ku sani dokarsu ta laifukan intanet, mai lamba 34 ta 2021, ta sa tarar dirhami 500,000 zuwa miliyan 2 ga wanda ya ɓoye adireshinsa don aikata laifi ko hana a gano shi. Ba VPN ɗin kansa aka haramta ba, amma me zai kai ka gwaji, ga manhajar Botim nan da aka yarda da ita ka kira gida. 'Yan kasuwarmu na Guangzhou da ke son leƙa wurin wasannin Chimelong ko su wuce Disneyland ta Shanghai kuma nasu daban ne, a can komai Alipay ne da WeChat Pay, kuma tun 2023 suna karɓar Visa da Mastercard na waje, sai dai ka haɗa katin tun kana gida inda OTP zai same ka cikin sauƙi, in ka zo biya kuma ka kashe VPN ɗin da ka kunna don duba Gmail.

Sai fawa bank. Manhajojin nan da GPS a kunne da hasken sikirin a ƙure saboda rana, VPN kuma na ƙara jan nasa, kafin la'asar batir ya yi ja. Ɗauki mai 10,000mAh ko sama da haka, ka sa shi a jakar hannu don ba a yarda ya shiga cikin kayan da ake aunawa a jirgi ba, kuma kar ka manta da igiyar caji, don ni fawa bank ɗin na ɗauko ranar, igiyar na bari a kan gadon otal.